Shekarar da Na Sa wa Saye Ƙarfe

Na sha jin ku kuna ba abokanku labari cewa ubanku ne ya fara ɗora ƙafar saniya da ƙarfe a ƙasar Gummi. Ban taɓa hana ku ba, don ba ƙarya kuka yi ba, kuma babu tsohon da ke ƙin a yabe shi gaban baƙi. Sai dai rabin labarin ne a hannunku, rabin mai daɗin. Yanzu da idona ya fara gajiya, hannuna ma ba ya riƙe allura kamar da, gara in ba ku sauran da bakina, kada wata rana ku ji shi a karkace wurin wani.

Kakanku Malam Isa, wanda nake kira Baba, manomi ne: shinkafa a fadama, gero da dawa a tudu. Yana da amini guda a duniya, wani Bafulatani da muke kira Baffa Yero, wanda rugarsa ke dajin Adabka a ƙasar Bukkuyum. Kowace kaka, da zarar an kwashe amfanin gona, Baffa Yero zai koro shanunsa ya sauka a gonarmu ta tudu. Shanu su ci kara, su bar mana taki, su kuma tsofaffin biyu su shimfiɗa tabarma ɗaya ƙarƙashin gawon da ke tsakiyar gonar su wuni. Ba wata hira suke yi ba. Baba ya tsokane shi da cewa Bafulatani ya tsufa bai san ƙofar ɗaki ba, shi kuma ya ce Kaɗo ya ƙare rayuwarsa yana sunkuye gaban ciyawa, shi ke nan sai su yi shiru har la'asar. Innata takan ce ita dai ba ta taɓa ganin mutanen da ke yin tafiyar kwanaki don su zo su yi shiru tare ba.

Ba a daɗe da ba mu jihar Zamfara ba ciwon huhu ya shigo garinmu. Ya kwashe shanun huɗar Baba biyu da saniyarsa guda, ya bar turaku tsirara. Lokacin ina ma'aikacin lafiyar dabbobi a Gummi, na yi iyakar abin da na sani, bai hana komai ba. Baba bai kai kuka wurin kowa ba, ba halinsa ba ne. Da kaka ta yi, Baffa Yero ya zo kamar kullum, ya shigo gida gaisuwa, ya dubi turaku, ya koma wurin shanunsa. Ranar da ya tashi, bayan garke ya yi nisa, sai muka ga karsana ɗaure a turkenmu. Baba ya bi shi da sauri har bakin hanya.

"Yero, ka mance bisa guda ga turke."

"Ban mance ba, Isa. Habbanaye ta."

Ku da kuka tashi a birni ba lalle ku san wannan kalma ba. Habbanaye saniya ce da Bafulatani ke ba wanda ya rasa dukiya, ya riƙe ta har ta haihu sau uku. 'Ya'yan nan uku da nonon duk na wanda aka ba ne, daga nan sai ya mayar da uwar ga mai ita. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ba a yi mata shaidar mallaka a jiki, kuma ana kula da ita fiye da ta kai. Wanda ya bayar ba ya zuwa leƙen ta, ba ya tambayar ta, domin tambaya kamar zargi ne. Ba kasafai ake ba wanda ba Bafulatani ba. Shi ya sa Baba ya ɗauki abin da nauyi, har ya zarce misali.

Sunanta Saye, saboda launinta na ƙasa-ƙasa. Ƙaramin jiki gare ta da ɗan banzan wayo. Ta san tarin Baba daga nesa, ta san inda Inna ke ɓoye dusa, ta san yadda ake ture murfin da hanci. Allah ya sa mata albarka: ta haifi maza biyu a jere, waɗanda suka zama shanun huɗarmu, sannan ta rufe da mace. Gida ya dawo hayyacinsa a bayanta. A shekarar da nake ba ku labari, ta ukun ta isa yaye, kuma tun farkon damina Baba ke faɗa wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa bana zai danƙa wa Yero saniyarsa hannu da hannu, ta fi yadda ya kawo ta ƙiba.

Damina na gab da ƙarewa aka kai ta fadama kiwo, ta taka wata tsohuwar rijiyar lambu da ciyawa ta rufe. Ƙafar baya ta hagu ta karye ƙasa da gwiwa, har bakin ƙashi ya ɓullo ta fata. A amalanke aka kawo ta gida, 'ya'yanta biyu ne ma suka ja ta. Ba mu gama kwance su ba mahauta suka iso ƙofar gida, ban san wa ke kai musu labari ba, su da angulu sai Allah. Baba ya fita ya ce musu wuƙa ba ta hawa wuyan wannan. Aka kira maɗorin garinmu, dattijo mai hannu, ya duba, ya girgiza kai. Ya ce da karayar a rufe take da ya gwada, amma in ya naɗe rauni da kara da tsumma, ciki zai ruɓe, kuma babu karan da zai ɗauki nauyin saniya. Gaskiya ya faɗa. Da ya tafi muka rage mu uku a tsakar gida, Saye na kwance tana nishi. Inna ce ta fara magana.

"Malam, a aika ma Yero. Bisa tai ta, shi ad da ta cewa."

"In aika in ce mai mi? Ya ba ni nagge da ƙahwa huɗu, in mai da mai da ukku?"

"Ƙaddara ta, ba kai kak karya ta ba. Kuma ka san halinai, ko mutuwa tay yi ba ya tambaya."

"Shi ya sa," in ji Baba. "Da mai tambaya na, da da sauƙi."

A nan ne na sa baki. Shekarar da ta gabata an tura ni kwas Zariya, na ga wani aiki da ya tsaya mini a rai. Maimakon a naɗe karaya, sai a huda ƙashin da siraran ƙarafa masu tsini, wasu sama da karayar, wasu ƙasa, su ratsa ta wannan gefe su ɓullo ta wancan. Sai a kawo sanduna biyu na ƙarfe a ɗaure bakunansu daga waje, hagu da dama. Nauyin dabba sai ya bi ta sandunan ya tsallake wurin da ya karye, raunin kuma yana buɗe, kana wanke shi kullum. Na ga an yi wa kare, na ga an yi wa ɗan maraƙi. Tun da na dawo hannuna ke ƙaiƙayi, ina neman inda zan gwada. Ba zan ɓoye muku ba, tausayin Saye na raina, amma ƙaiƙayin ma yana nan.

"Baba, ina iya ɗora ta," na ce.

Har yau ina ganin fuskarsa. Kamar wanda aka sauke wa buhu daga ka. Ya tambaye ni ko za ta miƙe kafin Yero ya sauko, na ce da yardar Allah, ko da ƙyar. Nan take ya yanke hukunci. Ya ce daga yau kada wani a gidan nan ya furta kalmar karaya gaban Bafulatani, har sai Saye ta taka ƙasa da ƙafarta. Ya zaga maƙwabta ma ya roƙe su haka. Inna ta ce ita wannan ɓoyo bai kwanta mata ba, amma ba ta taɓa tsallake maganarsa ba, ranar ma ba ta tsallake ba.

Na hau babur na tafi Anka wurin wani tsohon likitan dabbobi da na san yana da irin ƙarafan nan a akwati, bai taɓa amfani da su ba. Ya ba ni su, da abin huda ƙashi da ake juyawa da hannu, ya zana mini a ƙasa inda zan bi don kada in taɓa jijiya, ya ce in tuna saniya ba kare ba ce. Sandunan waje kuwa wani mai walda a Gummi ya yi mini su, da ramuka da notina, yana yi yana tambayata ko gadon jariri zan haɗa. Na dafa komai a babbar tukunyar Inna, wadda daga ranar ba ta sake yin tuwo a cikinta ba. Da hantsi na yi wa Saye allurar kashe jiki, maƙwabta suka danne ta da igiyoyi, wasu suka ja ƙafar har bakunan ƙashin suka haɗu. Na wanke raunin, na fara huda. Wanda bai taɓa huda ƙashin mai rai ba ba zai san yadda abin ke bi ta wuyan hannu ya sauka a ciki ba. Zufa na shiga idona, ban da hannun sharewa. Inna ta shige ɗaki ta toshe kunne. Baba kuwa na tsaye a kaina, ya ga ƙarfe ya shiga ta nan ya leƙo ta can.

"Kai Garba, wanga ɗori na, ko tsire za ka yi muna?"

Mutane suka yi dariya, ni ban yi ba. Na ɗaure sanduna, na matse notina, na shafa aidin. Washegari da na shiga duba ta na tarar da ita tsaye, tana ɗan taɓa ƙasa da kofaton kamar mai gwada zafin ruwa. Na fito na kira Baba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya dafa kafaɗata, abin da bai saba yi ba tun ina yaro. A wannan rana babu wanda ya kai ni farin ciki a ƙasar Gummi.

Muka kewaye mata wuri da zana bayan rumbuna, don Baba ba ya son a gan ta, ni kuma ba na son yara su firgita ta. Kullum safe da yamma ina wanke bakin ƙarafan da ruwan gishiri, ina korar ƙuda, ina taɓa notina ko sun saki. Gari kuwa ya ɗauka. Da yake an roƙe su kada su ambaci karaya, kuma abin mamakin ya fi karayar daɗin faɗa, sai kowa ya koma kiranta saniyar da aka sa wa ƙarfe. Ni kaina daɗin sunan nake ji.

Wata ranar kasuwa ina tsugune bayan zana ina wanki, sai na ji sallamar Kumbo, wata mai tallar nono da ke da dangi a rugagen Adabka, takan biyo ta gidanmu jefi-jefi. Bayan sun gaisa da Inna, ta dubi turke.

"Inna, ina Saye? Ban gane ta ba ga turke."

Inna ba ta iya ƙarya ba, kuma an hana ta faɗin gaskiya. Ita ba ta kiran sunana, don ni ne ɗanta na fari, Likita take ce mini, rabi tsokana rabi alfahari.

"Tana nan ciki. Likita yas sa mata ƙarhe. Malam ya ce ba a ganin ta sai wurin ya warke."

"Ƙarhe?" in ji Kumbo.

"Ƙarhe hwa. Da hannunai."

Kumbo ba ta ƙara tambaya ba. Ta auna nono, ta ɗauki ƙwaryarta, ta yi sallama. Ni kuwa ina bayan zana ina murmushi, ina cewa a raina Inna ta iya kauce wa magana, ga shi har ta yabe ni a ciki.

Aka girbe gero, aka yanke dawa, Baffa Yero bai sauko ba. Da farko Baba har godiya yake wa Allah, yana cewa jinkirin nan rufin asiri ne, Saye ta samu lokacin warkewa. Bayan wata biyu da wani abu na taɓa wurin na ji ƙashi ya yi ƙulli mai ƙarfi. Na kwance sanduna, na zare ƙarafan, ramukan suka rufe cikin 'yan kwanaki. Ta yi ɗingishi kaɗan, sannan ta daina. Yanzu kuma Baba ne ya koma tsayawa bakin gona yana duban hanyar gabas. Garkunan wasu suka zo suka wuce, suna neman izinin sauka, ya hana, ya ce karan nan da mai shi. Da abin ya ishe shi sai ya ce tunda Yero ya yi nauyin ƙafa, mu za mu je, ai zumunta a ƙafa take. Muka sa Saye a mota zuwa Bukkuyum, daga nan Baba ya ce a sauke ta, da ƙafarta za ta shiga rugar ubangidanta. Ya sa rigarsa ta Juma'a. Duk tsawon hanyar yana ta shirya yadda zai ba da labarin, inda zai ɓoye ƙafar ya ce Yero ya canki wadda ta karye.

Kufai muka tarar. Da'irar bukkoki, busasshen kashin shanu, turakun 'yan maruƙa, shi ke nan. Mutanen wata ruga da ke kusa suka ce Yero ya tashi tun kafin a gama girbi, ya yi kudu, bai faɗi inda za shi ba, bai kuma ce zai dawo ba. Sun amsa gaisuwarmu, sun ba mu ruwa, amma babu wanda ya ce mu zauna, kuma na lura suna satar kallon cinyar Saye. Ban gane ba. Baba ya zauna kan wani kututture, igiya a hannunsa, rigar Juma'a ta sha ƙura. Saye kuwa ta gane wurin, tana shinshina ƙasa tana kuka. Ban taɓa jin tausayin mahaifina irin na wannan yini ba.

Muka dawo da ita. Baba ya aika saƙo ta bakin dillalan shanu, ta bakin direbobi, ta duk wanda ya ji za shi kudu: a gaya wa Yero na Adabka saniyarsa na jiransa. Amsa ba ta zo ba. Daga shekarar bai sake barin a sha nonon Saye a gidanmu ba, ya ce wa'adinmu ya cika, Inna ta riƙa rabar da shi sadaka da sunan mai ita. Duk abin da ta haifa bayan nan ya ware shi, ya ce na Yero ne. Kowace kaka ya bar karan gonar tudu tsaye har gara ta cinye, gonar ta rame saboda rashin taki, muka yi magana har muka gaji. Ba ya ambaton Yero da yawa. Sau ɗaya dai na ji ya ce wa Inna, ko mutuwa ce ai da an aiko, to me ya yi masa? Da wannan tambaya ya kwanta ciwon ajali. Maganarsa ta ƙarshe da ni ba ta gona ba ce, ba ta ƙannena ba ce. Cewa ya yi, "Garba, Saye ba tamu ba ta."

Shekaru sun shuɗe bayan rasuwarsa, aiki ya kai ni kasuwar Bukkuyum duba shanun da ake lodi. Ina cikin kara, wato wurin cinikin shanu, na hango wani dogon mutum ya harɗe sanda a kafaɗa, tsayuwarsa sak ta Baffa Yero. Sambo ne, babban ɗansa, wanda muka yi ƙuruciya tare a gonar tudu. Na ruga na riƙe hannunsa. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, idonsa a ƙasa. Ya ce tsohonsu ya rasu can wajen Borgu, damina biyu ke nan. Na ce nawa ma ya riga shi. Muka yi wa juna ta'aziyya tsaye cikin ƙura da kukan shanu.

"Sambo, naggenku na nan gidanmu, ita da ɗiyanta. Baba ya mutu shina jiran ku."

"Wace nagge?"

"Saye mana."

"Wadda kunka sa ma ƙarhe?"

Ku ji wautar ubanku. Ƙirjina ya buɗe, na ce ashe labari ya kai har can.

"Ni nas sa mata, da hannun ga nau."

"Mun ji," in ji Sambo a hankali. "To, tunda kun yi mata shaidarku, mi za mu yi da ita? Tsoho ya ce a bar muku."

A kunnen makiyayi, in an ce an sa wa saniya ƙarfe, ƙarfen wuta ake nufi, wanda ake gasawa a ɗora a cinya don a ce wannan tawa ce. Na san haka kamar yunwar cikina. Ni da kaina na sha gasa ƙarfen nan a wurin aiki. Amma tun da na dawo daga kwas, ƙarfe ɗaya ne kawai a kaina. Ku auna abin da ya isa kunnen Baffa Yero: wa'adi ya cika, ba a kawo saniya ba, an ɓoye ta bayan zana, ɗan gidan ma'aikacin gwamnati ya sa mata ƙarfe, kuma ba a ganin ta sai wurin ya warke. Sambo ya ce ba su tsaya ga maganar Kumbo kaɗai ba, sun sa an ji ta bakin mutanen garinmu a kasuwa, kowa ya tabbatar, har da dariya. Na zayyana masa komai, rijiyar lambu, amalanke, mahauta, sanduna. Yana saurare bai ce na yi ƙarya ba, bai kuma ce ya yarda ba. Na tambaye shi don me ba wanda ya zo ya gani da ido.

"Na ce za ni zuwa. Tsoho ya ce in na taka Gummi, ba shi ba ni. Wanda yab ba da habbanaye ba ya zuwa dubin ta."

"Hushi yay yi ke nan, har yat tashi?"

"Ba hushi na ba, Garba. Cewa yay yi, Isa na da iyali, wa yas san ƙuncin da yas sa shi. Yac ce, in na sauka gonatai dole shi hito shi tarbe ni, ni ko ba ni son ganin idon Isa ƙasa. Shi ya sa munka yi kudu. Saƙonninku sun iso. Yac ce kunya ta ka damun Isa, a ƙyale shi, kada a ƙara mai."

Nan na zauna a ƙasa cikin kara, da kakin aikina, ban damu da wanda ke kallo ba. Baba ya ɓoye karaya don kada ya kunyata gaban Yero. Yero ya bar ƙasar da aka haife shi don kada Baba ya kunyata gabansa. Ni kuma, da ban iya aikin nan ba, da Baba bai samu inda zai ɓuya ba. Da kafin rana ta faɗi an tura mai babur Adabka, Yero ya zo, a yanka Saye, a raba nama, a ce Allah ya mayar da alheri, da kaka kuma su shimfiɗa tabarmarsu. Da saniya guda aka rasa. Ban ce aikin laifi ne ba. Bayan Saye na ɗora wa awaki da raguna da ɗan doki guda, yawancinsu sun taka, kuma ko yau aka kawo mini irin karayar nan ita ce hanyar da zan nuna. Abin da ya canja shi ne, ban sake ɗaukar abin huda ba sai na tambaya ko mai dabbar ya sani. Amma baƙin cikin bai bar ni ba. Garin neman gira muka rasa ido, kuma ni ne na kawo madubin.

Na roƙi Sambo ya biyo ni gida, ya ce sai kasuwa mai zuwa, ya kuma cika alkawari. Na yi niyyar ɓoye wa Inna bakin zaren, don ta tsufa ƙwarai, sai na tuna abin da ɓoyo ya riga ya ci a gidan. Ban ce mata komai ba, ban kuma hana ta fitowa ba. Tana zaune bakin ƙofar ɗakinta Sambo ya shiga wurin Saye. Saniyar ta tsufa ita ma, ƙugu ya fito, haƙora sun zube. Ya kira ta da irin kiransu, ta ɗaga kai. Ya shafa cinyar dama, ya zagaya ya shafa ta hagu, ya bi wuya da kafaɗa, yana tona gashi da yatsa. Babu komai. Sannan na kama hannunsa na kai ƙasa da gwiwa. Ya taɓa ƙullin ƙashin, ya taɓa 'yan tabon nan ƙanana, ciki da waje. Ya tsuguna riƙe da ƙafar ya daɗe bai tashi ba. Da ya tashi sai ya ja malafarsa ta rufe masa fuska.

"Ɗan nan, mi kaka biɗa ga cinyarta?" in ji Inna.

Ni na faɗa mata abin da suka ji, ban ambaci wanda ya kai ba. Ba ta buƙaci a ambata ba.

"Ni ta," ta ce. "Ni nac ce ma Kumbo. Kalma guda anka hana ni hwaɗi, ni ko nab bi."

"Inna, babu laihi gare ki," in ji Sambo.

"To ga wa shike?"

Sambo ya ce zai kora 'ya'yan, amma a bar Saye ta ƙarasa kwananta inda ta saba, tafiyar da nisa. Inna ta ce a'a. Ta miƙe da sandarta, ta je da kanta ta kwance igiya daga turke, ta sa masa a hannu, ta ce Malam ya bar wasiyya, kuma ita ta gaji da riƙon abin da aka ce ta riƙe.

Na raka su har bayan gari. Sambo na gaba, Saye na bin sa, ni ina baya, idona kan ƙafar hagu, don hali zanen dutse ne. Tana sauke ta daidai, tana ɗauke ta daidai, ko wanda ya san wurin sai ya lura da kyau. A duk shekarun aikina ban yi ɗorin da ya kai wannan kyau ba. Na tsaya ina kallo har suka sha kwana, ina neman ɗigon daɗi a raina ban samu ba.